Kwana Goma Sha Ɗaya

Karo na shida ke nan Juwairiyya ta danna maɓallin, karo na shida kuma layin ya miƙe ya yi sama a kan allon kwamfutar. Ta janye hannu ta zuba masa ido. Ƙarfe takwas bai cika ba, ofishin shiru sai ƙarar janareton maƙwabta da ragowar ruwan asuba da ke ɗiga daga indararo. Ƙarfe biyu na rana baƙi za su iso daga Abuja, mutanen gidauniyar da ke ɗaukar nauyin wannan ƙaramar cibiyar nazari ta Unguwar Sarki, kuma a kan abin da za ta nuna musu za a yanke ko tallafin zai ci gaba. In bai ci gaba ba, ba sai an yi duba ba. Takardar aikinta ƙarshen wata take ƙarewa, ita ta zo a ƙarshe, ita za ta fara fita.

Aikin ba wani ɓoyayye ba ne. Shekara goma sha ɗaya cibiyar tana bin ƙananan sana'o'i ɗari uku a cikin gari, teloli da kafintoci da masu walda da gidajen burodi, duk wata ana yi musu tambaya uku: mutum nawa ke aiki a wurinka, ciniki ya ƙaru ko ya ragu, ka sayi sabon kayan aiki ko ba ka saya ba. Ita kuma Juwairiyya ta shafe wata takwas tana gina tsarin lissafi a kwamfuta, wanda zai haɗa amsoshin nan da matakan Babban Banki, ya faɗi abin da ke samun masu sana'a duk lokacin da aka ƙara kuɗin ruwa. Mutanen ofis suka raɗa wa tsarin suna Bokanya, wai ita ma tambaya ake kai mata ta faɗi gobe, bambancin kawai ba ta neman baƙar kaza.

To, tun makon jiya Bokanya ke faɗin abin da kunne bai saba ji ba. Cewa take in aka ƙara kuɗin ruwa, kafin wata biyu masu sana'ar Kaduna sai su ƙara ma'aikata, ciniki ya buɗe. Duk littafin da Juwairiyya ta karanta tun shekararta ta farko a jami'a akasin haka ya ce. Ko ba littafi ma, ita a Unguwar Shanu take kwana, tana ganin yadda mutane ke juya kuɗi sau uku a hannu kafin su miƙa shi. Abin ya ƙi kwanta mata.

"Har yanzu sama take kallo?"

Dakta Abdurrahim ne, shugaban cibiyar, a tsaye bakin ƙofa cikin babbar rigar da ba ya fito da ita sai ranar baƙi. Mutum ne mai kirki, ba ya tsawa, ba ya hana izini, amma Allah ya jarabce shi da son a ce shi ya fara gano abu.

"Sama, Dakta. Shi ne ke damuna."

"Damuwar me, Malama Juwairiyya? Abin nema ya samu. Kowa na cewa ƙarin kuɗin ruwa na kashe aiki, mu kuma mun nuna a Kaduna ba haka ba ne. Jiya na tura musu taƙaitaccen bayani. Farfesa Turai ta gidauniyar da kanta ta kira ni, ta ce sai ta gani da idonta."

Ya wuce yana gyara hula. Juwairiyya ta san in an riga an tura, bakin alƙalami ya bushe.

Ta bar layin ta koma kan amsoshin kansu, sana'a bayan sana'a. Kafintoci ba su motsa ba. Masu walda ma haka. Kusan duk hawan daga teloli ya fito, kuma a watan Maris, shekara biyu a jere, daidai bayan an ƙara kuɗin ruwa. Shago mai lamba arba'in da ɗaya a Babbar Kasuwa ma daga mutum huɗu ya koma goma a wata guda. Ta duba sa hannun da ke ƙasan takardun. Duk na mutum ɗaya ne.

Baba Ezekiel, mai tattaro amsoshin kasuwa, yana baranda yana shan shayinsa. Mutumin Zonkwa ne, ya haura hamsin, kuma tun ranar da aka buɗe cibiyar yake taka layukan kasuwa da jakarsa ta fata. Juwairiyya ta tsaya a kansa da takardar a hannu. Tsoro ne ya yi magana da bakinta, tsoro kuwa ba ya gaisuwa.

"Baba Ezekiel, shagon nan na arba'in da ɗaya, daga huɗu zuwa goma a wata ɗaya. Ka je wurin kuwa, ko dai..."

Ba ta ƙarasa ba, amma duk wanda ya taɓa aikin tambaya ya san sauran: ko dai a gindin mangwaro aka zauna aka cike takardar. Ya ajiye kofin a hankali. Bai ɗaga murya ba, hakan ya fi yi mata ciwo.

"Malama, ɗauko jakarki. Gani ya kori ji."

Suka hau Keke Napep. Suka gangara titin Ali Akilu, suka faɗa cunkoson titin Ahmadu Bello, mai keken yana ratsa taɓo yana zagin duk wanda ya sha gabansa. Juwairiyya tana duba agogo tana jin kunya, ta rasa wanne ya fi damunta. A bakin kasuwa suka sauka, Ezekiel ya shige gaba yana kauce wa masu baro ba tare da ya kalle su ba, 'yan kasuwa na ɗaga masa hannu ta ko'ina. Tun daga nan ta fara gane ba mutumin gindin mangwaro ba ne.

Mai shagon, Mama Magajiya, mace ce mai jiki, tabarau a ƙarshen hanci, tef ɗin awo a wuya. Kekunan ɗinki takwas ne a shagon, uku ke aiki, biyar an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa. Aka gaisa, aka tambayi gida da ruwan sama, ta kawar da wasu ƙyallaye daga benci ta ce su zauna.

"Ezekiel, yau ba ranarka ba ce. Lafiya?"

"Malamar ofishinmu ce ke da tambaya, Mama. Ni rakiya na yi."

"Mama, don Allah, a watan Maris na bara mutum nawa ke aiki a nan?" in ji Juwairiyya.

"Maris na bara? Goma. Har a baranda na sa keke."

"Me ya sa?"

"Me ya sa me, 'yata?"

"Lokacin an ƙara kuɗin ruwa a banki, sosai ma. Shi ne nake so in san me ya sa kika ƙara mutane."

Mama Magajiya ta sauke tabarau ta dube ta daga ɗankwali har takalmi, sannan ta dubi Ezekiel, sai ta fashe da dariya har tef ɗin wuyanta na rawa.

"Ni da banki ai sai gaisuwa daga nesa. 'Yar nan, ke ba Musulma ba ce?"

"Musulma ce, Mama."

"To ni da ke zuwa coci ce zan gaya miki abin da ake yi a Maris ɗin bara? Azumi ake. Ɗinkin Sallah ne ya taso. Kowace mata ta kawo nata da na yara, kowa kuma so yake a gama masa jiya."



"Mu Kirsimetinmu mai natsuwa ce," Mama ta ci gaba, tana zare allura daga bakin rigarta. "Ashirin da biyar ga Disamba tana nan inda ka bar ta. Sallarku kuwa ba ta da zama. Duk shekara sai ta matso gaba da kwana goma, sha ɗaya. Lokacin da Ezekiel ya fara kawo mini takardar nan tasa, a cikin ruwan Yuli nake ɗinkin Sallah, muna tare yoyo da bokiti. Yanzu a zafin Maris nake yi. In Allah ya ba ni rai, wata shekara sai ta haɗu da Kirsimeti su kashe ni tare."

Nan take komai ya warware a kan Juwairiyya, har ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kafin a ba Bokanya alƙaluma sai an tace su, a cire hawa da saukar da kowace shekara ke zuwa da su, irin na damina da kaka da bukukuwa, don kada a ɗora wa banki abin da ba shi ya yi ba. Manhajar da ke tacewar kuwa ta ɗauka duk abin da ke maimaituwa yana zaune a watansa. A shekarun farko ta ga teloli na cika a Yuni da Yuli, sai ta riƙe hakan. Da Sallah ta tako ta iso Maris, manhajar ba ta gane ta ba, ta bar hawan a ciki, Bokanya kuma ta waiga ta ga ƙarin kuɗin ruwa a kusa, ta ce ga mai aikin nan. Abin takaicin shi ne ita Juwairiyya ce ke dama kunun buɗa baki a gidansu. A Maris ɗin nan da ake magana har faɗa ta yi da telanta ana gobe Sallah. Kalanda biyu take rayuwa da su, ɗaya a kicin, ɗaya a kwamfuta, ba ta taɓa haɗa su sun gaisa ba.

Sai ta nuna kekunan da aka lulluɓe.

"Waɗannan fa, Mama?"

Dariyar ta ragu a fuskar Mama Magajiya.

"Waɗannan bayan Sallah ne. Abin ba ya zuwa lokaci ɗaya, 'yata. Ranar da sauro ya cije ki ba ranar kike kwantawa ba. Da fari injin surfani na so in saya, mai kawowa daga Legas ya ce shi da kuɗin banki yake sarowa, farashi ya tashi, na haƙura. Can sai na ga mai kawo turmi uku ta koma ɗaya. Sai kuma aka koma kawo tsoho, a rage nan, a ƙara can. Na yi ta riƙe yarana ina cewa gobe, har dai na ce wa biyu su zauna gida tukuna. Da na sani tun da wuri, da na nemi ɗinkin kayan makaranta na riƙe su da shi."

A wajen kasuwa, kafin su tare keke, Juwairiyya ta tsaya.

"Baba, na yi maka laifi. Ka yafe ni."

Ezekiel ya gyara jakarsa a kafaɗa. "Ya wuce, Malama. Amma nan gaba in Bokanya ta faɗi abu, ki tambayi ƙafata kafin ki yarda."

Sha ɗaya da rabi ta yi musu a ofis. Ta zaro kwanakin ƙaramar Sallah da babba na shekara goma sha ɗaya daga waya, Ezekiel na karantowa tana shigarwa. Ta yi wa watan azumin kowace shekara alama, ta yi wa makonnin da ke gaban babbar Sallah, ta sake tace alƙaluman daga tushe. Ana kiran azahar ta danna maɓallin. Wannan karon layin ya kwanta ya yi tafiyarsa har wata uku kamar ba abin da ya faru. Daga nan sayen kayan aiki ya fara sauka, ciniki ya bi baya, sai wajen wata na bakwai adadin ma'aikata ya sunkuya. Yadda Mama Magajiya ta jero su, haka suka fito.

Dakta Abdurrahim ya daɗe yana kallon allon. Ya cire hula ya mayar.

"Wannan ai ɗan aji ɗaya ya sani. Don wannan za su taso tun daga Abuja?"

"Shi ne gaskiyar, Dakta."

"Na ji. Amma mutum tara ke cin abinci a gidan nan, har da ke. Na ce musu mun gano sabon abu, yanzu in ce mun manta da Sallah?" Ya ja kujera ya zauna, muryarsa ta yi laushi. "Ki nuna na farkon, ki ce ana kan tantancewa. In tallafi ya fito sai mu gyara a hankali. Ba ƙarya aka yi ba, jinkiri ne."

Maganar ta shige ta, don ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba. Ta tuna mahaifiyarta da kuɗin fanshon da ba ya kai tsakiyar wata. Ta tuna wata goma sha huɗu da ta yi tana yawo da takardu kafin ta samu wannan kujerar. Amma ta kuma san in wani a Abuja ya ɗauki layin nan ya kafa hujja da shi, zai ce ƙarin kuɗin ruwa alheri ne ga masu sana'a, alhali ta ga kekuna biyar a lulluɓe da idonta.

"Dakta, in ka ce in nuna na farko zan nuna. Amma zan faɗi abin da na sani a kansa."

Ya dube ta, ya dubi Ezekiel da ya ƙi ɗago kai daga takardunsa. Ya miƙe.

"Ke kika san abin da kike yi," ya ce, ya fita.

Ta yi alwala ta yi salla, ta roƙi Allah kada muryarta ta yi rawa.

Baƙin sun iso biyu da kwata. Farfesa Turai siririyar dattijuwa ce mai ƙarancin magana, tare da maza biyu masu manyan jakunkuna. Tun kafin ta zauna ta ce ƙarfe huɗu za su kama hanya, ba ta son duhu ya same su a titin Abuja, don haka direba na jira a mota. Dakta ya yi maraba a gajarce, abin da ba halinsa ba ne, ya miƙa wa Juwairiyya.

Ta haska layin farko a bango. Ɗaya daga mazan, Husaini, ya gyara zama yana gyaɗa kai, har ya zaro biro.

"Wannan shi ne abin da aka turo muku," in ji ta. "Kuskure ne, kuma nawa ne."

Biron ya tsaya. Muryarta ta yi rawa duk da addu'ar, amma ta ci gaba. Ta nuna watannin teloli, ta jera kwanakin Sallah a gefensu shekara bayan shekara, kowa ya ga yadda hawan ke takowa daga Yuli zuwa Maris, kwana goma sha ɗaya a kowane taki. Sannan ta haska layi na biyu.

"To ai wannan shi ne abin da ke cikin littafi," in ji mai biron, da alamun an ɓata masa tafiya.

"Haka ne, yallaɓai. Amma littafi bai gaya mana wata nawa abin yake ɗauka kafin ya iso layin teloli a Kaduna ba, ko me yake fara taɓawa. Yanzu mun sani. Daga ranar da aka ƙara kuɗin ruwa zuwa ranar da mai shago zai sallami ma'aikaci akwai wajen wata bakwai. A cikin wata bakwai ana iya gargaɗin mutane, ana iya yin wani abu."

Dakta yana kallon tafin hannunsa. Juwairiyya kuwa a ranta har ta fara tunanin kwalin da za ta kwashe littattafanta a ciki.

"Wa ya gano?" in ji Farfesa Turai.

"Wata tela ce a Babbar Kasuwa, ranki ya daɗe, Mama Magajiya. Baba Ezekiel ne ya kai ni wurinta da safen nan."

"Da safen nan." Farfesa ta maimaita. "Wace manhaja kika tace alƙaluman da ita?"

Juwairiyya ta faɗi sunanta. Mazan biyu suka dubi juna, suka kawar da kai. Farfesa ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, ta murza idanunta da yatsu biyu.

"Da ita muke tace namu," ta ce. "Na jihohin Arewa duka. Shekara goma sha huɗu ina sa hannu a rahoton nan, kuma a shekarun nan babu azumin da ya wuce ni."

Babu wanda ya san ko dariya ya kamata a yi, sai da ita ta fara, 'yar gajera, sannan Dakta ya samu numfashi ya taya ta. Har ya buɗe baki zai ce dama sun daɗe suna zargin haka, ya haɗa ido da Ezekiel, ya mayar da maganar ciki.

"Dakta, yarinyar nan har yaushe takardar aikinta?"

"Ƙarshen watan nan, ranki ya daɗe."

"A gyara. Akwai alƙaluman jihohi da yawa da za a sake tacewa, kuma ba na son a ba wanda zai ɓoye mini kuskure." Ta mayar da tabarau, ta jawo kujerar da ke gefenta. "Zo nan, 'yata, ki nuna mini daga farko, a hankali. Husaini, je ka ce wa direba ya kashe mota, ya nemo mana masauki."